Wa ke tsaya wa ƙasa gaban alƙali idan an cuce ta a kasuwa?

  

Yau maganata kan wata sana'a ce da ba a cika ambatonta ba idan ana ba ɗalibi shawarar abin da zai karanta bayan ya samu BAC. Sana'ar lauya ce, aboka kamar yadda muke cewa, amma ba irin wanda muka saba gani a shari'ar gona ko ta gado ba. Wannan lauyan aikinsa biyu. Na farko, shari'ar kamfanonin da suka haɗa baki suka tsayar da farashi, ko kamfani guda da ya yi babakere a kasuwa ya hana kowa numfashi. Na biyu, tsaya wa gwamnatin wata ƙasa a kotun da ba tata ba. Galibin labarin a Amurka ya faru, don can sana'ar ta girma. Amma ku yi haƙuri ku biyo ni, a tsakiyar hanya za ku ji ya biyo ta Arlit. Kuma tun yanzu, duk inda kuka ji na ce dala, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Mu fara da dokar kanta. A ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Standard Oil na John Rockefeller yana riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na tace man fetur a Amurka. Irin waɗannan ƙattan kamfanoni ana ce musu "trust", shi ya sa dokar da aka yi don taka musu burki take amsa sunan "antitrust". Ƴan lakwal ɗinmu kuwa sun san fannin da sunan droit de la concurrence, wato dokar gasa a kasuwa. A 1890 majalisar Amurka ta amince da dokar Sherman, wadda ta haramta haɗa baki kan farashi da kuma mamaye kasuwa ta hanyar danniya. A 1911 Kotun Ƙoli ta sa aka tsaga Standard Oil zuwa kamfanoni 34. A 1914 aka ƙara da dokar Clayton.

Abubuwa biyu suka sa wannan doka ta zama mai haƙora. Na ɗaya, wanda aka cuta yana iya kai ƙara da kansa, kuma idan ya ci shari'a za a biya shi ninki uku na asararsa, a haɗa da kuɗin lauyansa. An cuce ka miliyan 10, ka karɓi miliyan 30. Na biyu, a 1945, a shari'ar kamfanin Alcoa mai sarrafa sanholo, wato alminiyom, alƙali Learned Hand ya ce ko a ƙetare aka ƙulla haɗin bakin, muddin an yi shi da nufin taɓa kasuwar Amurka kuma ya taɓa ta, kotun Amurka na da hurumi. Daga ranar, rigimar kasuwa ta zama rigimar ƙasashe, gwamnatoci suka fara neman lauyoyi a Washinton da Niyok.

To, yaya rayuwar irin wannan lauya take? Bari in ba ku misali biyu.

Thurman Arnold malamin shari'a ne a jami'ar Yale. Daga 1938 zuwa 1943 shi ya shugabanci sashen yaƙi da babakere a ma'aikatar shari'a ta Amurka, ya addabi manyan kamfanoni da ƙararraki. A 1942, ana tsakar yaƙin duniya, ya tona yarjejeniyar da ke tsakanin Standard Oil na New Jersey da kamfanin IG Farben na Jamus kan robar da ake haɗawa a masana'anta. Bayan ya ɗan taɓa alƙalanci sai ya ajiye, a 1946 ya buɗe ofishin lauyoyi. Ofishin nan shi ne Arnold & Porter na yau, wanda ke kare manyan kamfanoni, yake kuma tsaya wa gwamnatocin ƙasashe a rigingimunsu da masu zuba jari.

Na biyu David Boies, wanda aka haifa a 1941. A 1969 gwamnatin Amurka ta maka kamfanin kwamfuta na IBM a kotu, kuma Boies na cikin lauyoyin da suka kare kamfanin. Shekara 13 ana bugawa, rubutaccen bayanin zaman kotu ya haura shafi 100,000, a 1982 gwamnati ta janye ƙarar. A 1998 wannan gwamnati dai ta ɗauko Boies ɗin ya tsaya mata kan Microsoft. Ya yi wa Bill Gates tambayoyi gaban kyamara, ya riƙa gwama amsoshinsa da saƙonnin da shugabannin kamfanin suka rubuta wa juna. A 2000 alƙali ya ce Microsoft ya karya doka, a raba shi biyu. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar, amma ta bar hukuncin cewa kamfanin ya kare babakerensa ta haramtacciyar hanya.

Kun lura? Mutum guda, doka guda, jiya yana gefen kamfani, yau yana gefen gwamnati. Kar mu yi saurin cewa munafunci ne. Haka sana'ar take, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ilimin ba ya da ƙasa. Wanda ya iya biya, ko wanda ya horar da nasa ƴaƴan, shi ke amfana da shi. Kuma aikin ba tsayuwa gaban alƙali ana zuba baki ba ne kawai. Yawancinsa karatun takardu ne, dubbai kan dubbai, da zama da masana tattalin arziki ana lissafin abin da farashi zai kasance da ba a haɗa baki ba.

Yanzu mu duba yadda gwamnatoci ke shigowa. Zan kawo shari'u uku: ta magani, ta yuraniyom, ta bitamin.

Ta farko. Tetirasaikilin, maganin ƙwayoyin cuta da kowa ya sani a famasi da asibiti. A 1955 kamfanin Pfizer ya samu takardar mallakarsa a Amurka. Wannan Pfizer ɗin dai da maƙwabtanmu na Kano ba za su manta da shi ba tun gwajin maganin Trovan na 1996. Kamfanoni biyar suka riƙe kasuwar maganin: Pfizer, American Cyanamid, Bristol, Squibb da Upjohn. Shekara da shekaru farashinsu ɗaya, kwalbar ƙwaya 100 sama da dala 30, alhali kuɗin haɗa ta ƙaramin kaso ne na wannan. Aka zarge su da haɗa baki, suka musanta. A 1967 kotu ta kama uku daga cikinsu da laifi, aka soke hukuncin a ɗaukaka ƙara, a 1973 aka wanke su. Amma a ɓangaren diyya sun amince su biya jihohin Amurka da asibitoci da masu saye fiye da dala miliyan 100.

Sai gwamnatocin Indiya, Iran da Filifin suka ce: mu ma mun sayi maganin nan don asibitocinmu, da wannan farashi, a biya mu. Lauyoyin kamfanoni suka ce a'a, doka ta ce duk "mutumin" da aka cuta zai iya kai ƙara, ƙasa kuwa ba mutum ba ce. Kar ku yi dariya, kan wannan kalma ɗaya aka je har Kotun Ƙoli. Lauyoyin ƙasashen uku suka kawo wata shari'a ta 1942 inda kotun ta yarda jihar Jojiya "mutum" ce a idon wannan doka. Ranar 11 ga Janairu 1978, alƙalai 5 suka rinjayi 3, aka ba Indiya da abokanta gaskiya. Hujjar alƙali Potter Stewart ta cancanci a tsaya a kanta. Ya nuna cewa idan masu haɗa baki sun san ƴan ƙetare ba su da ikon kai ƙara, to za su ci gaba, don ribar da suke kwasa a waje za ta rufe tarar da za su biya a gida.

Ƙasashe masu tasowa sun ci wannan zagayen. Me ya biyo baya? A 1982 majalisar Amurka ta gyara dokar: gwamnatin waje, in ban da wasu sharuɗɗa, asararta kawai za ta karɓa, babu ninki uku. Abin da aka rasa a kotu, an maido da wani sashensa ta majalisa. Lauyan da ke tsaya wa ƙasa dole idonsa ɗaya na kan alƙali, ɗaya na kan ƴan majalisa.

Shari'a ta biyu ita ce ta shafe mu, don haka zan daɗe a kanta.

A tsakiyar shekarun 1960, Amurka ta hana tashoshin lantarkinta na nukiliya amfani da yuraniyom na waje, don ta kare masu haƙa na gida. Babbar kasuwa ta rufe, farashi ya faɗi zuwa wajen dala 5 ko 6 kan laba ɗaya, laba kuwa ba ta kai rabin kilo ba. A 1972 masu haƙa na Kanada, Ostireliya, Afirka ta Kudu da Faransa, tare da kamfanin Rio Tinto Zinc na Ingila, suka zauna a Paris, daga baya a Johannasbag. Suka raba kasuwar duniya, ban da ta Amurka, kowa da kasonsa. Suka sa farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Idan wani mai saye ya nemi a yi takarar kwangila, su ke zaɓar wanda zai ci tun kafin a buɗe ambulan, sauran su sa farashi mai tsada don a ga kamar an yi gasa. Gwamnatocin wasu daga cikin ƙasashen na sane, har da hannunsu a ciki.

Ku tuna kwanakin. An kafa Somaïr a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971. Wato lokacin da ake wannan zama a Paris, ƙarfenmu ya riga ya shiga kasuwa, kuma haƙarsa da sayar da shi suna hannun Faransa, Nijar na da ƙaramin kaso a kamfanin. Cikin biyar ɗin da suka raba kasuwa babu sunan Nijar. A watan Maris 1974, bayan farashin fetur ya yi tashin gwauron zabi, shugaba Diori Hamani ya zauna da tawagar Faransa a Yamai yana neman a ƙara kuɗin yuraniyom. Ba a kammala ba, ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi, ƙasa na cikin fari da yunwa. Har yau masana tarihi na muhawara kan alaƙar abubuwan biyu. Ni abin da ya dame ni daban ne: wanda ya je cinikin kaya, alhali abokin cinikinsa na cikin waɗanda suka tsara farashin duniya a ɓoye, ta yaya zai san ko an ba shi daidai?

Mu koma Amurka. Kamfanin Westinghouse yana sayar da injinan nukiliya, kuma don ya jawo masu saye ya yi musu alƙawarin yuraniyom na shekaru a farashi mai sauƙi, ba tare da ya tanadi kayan ba. Farashi ya tashi, saboda haɗin bakin da kuma wasu dalilai irin su rikicin fetur na 1973, har ya kai wajen dala 40. A watan Satumba 1975 Westinghouse ya ce ba zai iya cika alƙawari ba. Giɓin ya kai kimanin laba miliyan 65, asarar da ke jiransa wajen dala biliyan 2. Kamfanonin lantarki suka maka shi kotu.

Wa ya cece shi? Ƙungiyar farar hula. A 1976 masu fafutukar kare muhalli na Friends of the Earth a Ostireliya suka samu takardun sirri na kamfanin haƙa na Mary Kathleen, suka fitar da su. A ciki ga bayanan tarurruka, ga rabon kaso. A watan Oktoba 1976 lauyoyin Westinghouse suka shigar da ƙara a Shikago kan kamfanoni 29, na gida da na waje, suna neman ninki uku.

Nan ne za ku ga yadda ƙasa ke kare nata. Kanada da Ostireliya suka yi dokokin da suka haramta fitar da takardun yuraniyom zuwa kotun waje. A Ingila, a ƙarshen 1977, kotun ƙoli ta Majalisar Dattawa ta ƙi tilasta wa shugabannin Rio Tinto Zinc ba da shaida, bayan babban lauyan gwamnati ya shiga ya ce wannan taka ikon ƙasa ne. Kamfanoni tara na waje suka ƙi halartar kotun Shikago sam. Alƙali ya yanke musu hukunci a bayan idonsu, ya kuma hana su fitar da dukiyarsu daga Amurka. Sai gwamnatocin Ostireliya, Kanada, Afirka ta Kudu da Birtaniya suka ɗauki lauyoyi, suka shigar da takardu gaban kotun ɗaukaka ƙara suna cewa Amurka ba ta da hurumi. A 1980 kotun ta ƙi, har ta yi musu gatse kan yadda gwamnatoci suka zama masu magana da yawun kamfanonin da suka ƙi zuwa. A wannan shekarar Birtaniya ta yi dokar da ta ba kamfani damar ƙwato abin da ya haura asara ta gaskiya idan an ci shi ninki uku a waje, Faransa ma ta tsaurara tata dokar hana fitar da bayanai. A 1981 aka sasanta.

Ku dubi hoton da kyau. Shekara biyar ana shari'ar farashin yuraniyom a Shikago da Landan. Mai saye yana da lauya. Masu sayarwa suna da lauyoyi. Gwamnatoci huɗu, waɗanda ke cewa ba su yarda da ikon kotun ba, su ma sai da suka aika lauyoyi su je su faɗi hakan cikin harshen da kotu ke ji. A cikin waɗannan shekaru Cominak ta fara haƙa a Akuta, a 1978. Ƙasar da ake tonon ramin a cikinta tana gefe.

Shari'a ta uku gajeriya ce. A shekarun 1990 manyan masu haɗa bitamin, irin su Roche na Suwizalan da BASF na Jamus, sun haɗa baki kan farashi a duk duniya. Bitamin ɗin nan yana shiga abincin kaji da na dabbobi da na jarirai. A 1999 Amurka ta ci Roche tarar dala miliyan 500, BASF miliyan 225. A 2001 Tarayyar Turai ta ci kamfanonin tarar yuro miliyan 855. Masu saye daga Ikwado, Panama, Yukren da Ostireliya suka ce su ma a biya su a kotun Amurka, suka dogara da hujjar shari'ar Indiya. Gwamnatocin Jamus, Japan, Kanada, Birtaniya da wasu suka aiko lauyoyi suka ce kar a buɗe wannan ƙofa. A 2004, a shari'ar da ake kira Empagran, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya saya a waje, aka cuce shi a waje, kuma cutar ba ta rataya da ta kasuwar Amurka ba, ya nemi haƙƙinsa a gida.

Daga baya aka yi ta bitamin C. Masu saye a Amurka, waɗanda ofishin Boies ke tsaya wa, suka kai kamfanonin Sin ƙara a 2005. Ma'aikatar kasuwanci ta Sin ta ɗauki lauyoyin Amurka ta ce wa kotu: dokarmu ce ta tilasta musu daidaita farashi. A 2013 aka yanke diyyar dala miliyan 147. A 2018 Kotun Ƙoli ta ce maganar gwamnatin waje abar girmamawa ce amma ba ta ɗaure alƙali. Duk da haka a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta sake watsar da ƙarar. Shekara 16, kuma kamfanonin da gwamnatinsu ta tsaya musu suka fita.

"Ya nemi haƙƙinsa a gida." To mu, gidanmu akwai doka? Akwai, kuma hanyar da ta biyo ta iso mana ita ma labarin lauyoyi ce. Bayan yaƙin duniya na biyu, Jean Monnet na Faransa ya ɗauki wani lauyan Amurka, George Ball, ɗaya daga waɗanda suka kafa ofishin Cleary Gottlieb, ya riƙa yi wa gwamnatin Faransa aiki. Lokacin da ake rubuta yarjejeniyar kwal da ƙarfe ta Turai ta 1951, wani malamin shari'a na Harvard, Robert Bowie, shi ya tsara ayoyin hana haɗin baki. Daga nan suka shiga yarjejeniyar Roma ta 1957. Da aka zo kafa UEMOA a Dakar ranar 10 ga Janairu 1994, aka bi wannan salo. Aya ta 88 ta haramta yarjejeniyoyin da ke kashe gasa, da amfani da ƙarfin kasuwa don danniya, da tallafin gwamnati da ke karkatar da gasa. A 2002 aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita, suka fara aiki a farkon 2003. Hukumar UEMOA da ke Wagadugu ita ke da ikon yanke hukunci, hukumomin ƙasashe suna taimaka mata da bincike. Mun fita daga CEDEAO, amma muna cikin UEMOA, don haka dokar tana kanmu.

Tambaya: a cikinmu nan, mu da ke kukan tsadar siminti da shinkafa da kuɗin intanet, mutum nawa ya taɓa karanta aya ta 88? Ba ina cewa kowace tsada haɗin baki ba ce. Rufe iyaka na kawo tsada, nisan teku na kawo tsada, haraji ma haka. Aikin lauyan gasa ke nan, ya rarrabe tsadar da ke da dalili da wadda aka ƙulla a ɗaki, kuma ya kawo hujja. Zargi a Facebook ba ya cin shari'a.

Kar ku ce sai Turawa ke iyawa. A Afirka ta Kudu, a 2002, masu ɗauke da cutar sida tare da ƙungiyar Treatment Action Campaign da lauyoyinsu sun kai GlaxoSmithKline da Boehringer Ingelheim gaban hukumar gasa ta ƙasar kan tsadar magani. A 2003 hukumar ta ce kamfanonin sun yi amfani da ƙarfinsu ba daidai ba, kafin shekara ta ƙare suka amince su ba wasu kamfanoni izinin haɗa maganin, farashi ya sauko. Wannan hukumar ta kama masu haɗa baki kan farashin burodi, ta kuma ci kamfanonin gini 15 tara a 2013 saboda maguɗin kwangiloli, har da na filayen gasar cin kofin duniya ta 2010. Lauyoyin Afirka ne, a kotun Afirka.

Sai ɓangaren tsaya wa ƙasa a waje, wanda yanzu ba tarihi ba ne a gare mu. A watan Yuni 2024 gwamnati ta janye lasisin Imuraren daga Orano. A watan Yuni 2025 ta sanar da mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Orano ya kai ƙara CIRDI, cibiyar sasanta rikicin zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya a Washinton. A irin wannan shari'a galibi alƙalai uku ne: kowane ɓangare ya zaɓi ɗaya, na uku a daidaita a kansa. Ko kana goyon bayan matakin gwamnati, ko kana da ja a kansa, abu ɗaya ya haɗa mu: wani zai rubuta takardu da sunan Nijar, kuma sakamakon zai taɓa aljihun kowa.

Na san abin da wasu za su ce: kotunansu ne, dokarsu ce, mu ƙi zuwa kawai. Na fahimci zafin, kuma akwai ƙasashe da masana da yawa da ke sukar wannan tsari da hujjoji masu ƙarfi. Amma ku tuna kamfanoni taran nan na Shikago. Ƙin zuwa bai hana a yanke hukunci ba, bai hana a riƙe dukiyarsu ba. Kayanmu jirgin ruwa suke hawa a tashar wasu, kuɗinmu ta bankunan wasu yake bi. Birtaniya, da duk ƙarfinta, ba ta tsaya ga cewa "ban yarda ba". Ta aika lauya, ta kuma rubuta doka. Ko ficewa daga tsari kake so ka yi, sai da wanda ya san ayar ficewa da wa'adinta da abin da zai biyo baya.

Me za mu yi ke nan?

Ga ɗalibai, na jami'ar Abdou Moumouni da na sauran jami'o'inmu: idan kana karatun shari'a, kar ka guji lissafi da tattalin arziki, kuma ka koyi Ingilishi kan Faransancinka, don da shi ake rubuta yawancin waɗannan takardu. Idan lokacin zaɓen batun kundin kammala karatu ya zo, dokar gasa ta UEMOA da kwangilolin haƙar ma'adinai suna nan suna jiran masu bincike. Ƴan uwa mata, da ku nake musamman, wannan fage bai cika ba, ba wanda ya riga ku zama. Hanya ce mai tsawo, shekara goma kafin a san da kai ba abin mamaki ba ne. Amma Cominak ta yi shekara 43 tana haƙa kafin a rufe ta a 2021. Da an fara horar da mutane tun ranar da ta buɗe, yau da muna da tsara biyu na ƙwararru.

Ga ƴan jarida da ƙungiyoyi: ɗaukar lauyan waje ba laifi ba ne, Indiya ta yi, Sin ta yi. Akwai ma wata cibiya a Abijan ƙarƙashin Bankin Raya Afirka, ALSF, da aka kafa don taimaka wa ƙasashe wajen kwangiloli da shari'u irin waɗannan. Amma muna da haƙƙin tambaya. Wa ke tsaya mana? Ta yaya aka zaɓe shi? Nawa ake biyansa? Yana yi wa abokin shari'armu ko abokan cinikinsa wani aiki? Kuma lauyoyinmu na gida da ma'aikatan hukumar AJE, mai kare ƙasa a shari'a, suna zaune a teburin suna koyo, ko sai an gama a aiko musu takarda su sa hannu? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Lauyan haya idan shari'a ta ƙare zai tattara jakarsa ya tafi da abin da ya koya.

Akwai kuma abin da kowa zai iya yi daga wayarsa. Tun 1938 Amurka na da doka mai suna FARA, wadda ta tilasta wa duk mai yi wa gwamnatin waje aikin kamun ƙafa ko gyaran suna a can ya yi rajista, ya ajiye kwangilarsa da kuɗin da aka biya shi. Aikin lauya a cikin kotu bai shiga ciki ba, amma sauran yana shafin ma'aikatar shari'arsu, kyauta. Ku shiga ku rubuta sunan kowace ƙasa ta yankinmu ku karanta.

Ƴan uwa, kar ku manta waɗanda suka tona asirin masu raba kasuwar yuraniyom ba ministoci ba ne. Ƴan ƙungiya ne irinku, da suka samu takarda, suka gane darajarta, suka san inda za su kai ta. Da takardun nan sun faɗo hannunmu yau, a Arlit ko a Yamai, mutum nawa a cikinmu zai iya karanta su ya ce ga ayar da aka karya, ga kotun da za a je? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna yanzu.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, ga fili.